Yadda ake cire kafireton babur, a wanke shi, a mayar da shi daidai

Babur ɗin da sai an ja masa cok kafin ya tashi ko da tsakar rana ne, da wanda yake mutuwa da zarar an saki totur a danja, da wanda aka ajiye da dare aka wayi gari mai ya jiƙe ƙasan da ke ƙarƙashinsa, yawanci ciwonsu ɗaya ne, kafireto, wato abin da ke gauraya mai da iska kafin su shiga injin. Sai dai kafin ka ɗauki sifana, ka ba abubuwa uku minti biyar. Cire filogi ka ga ko yana ba da wuta shuɗiya mai ƙarfi. Zare tiyon mai daga jikin kafireto, ka buɗe famfon tanki, ka ga ko man zuba yake ko ɗiga. Sannan ka buɗe akwatin iyakilina, wato matatar iska, ka duba soson. Kafireto da yawa an kwance su ne ba su ci ba ba su sha ba, alhali laifin na filogi ne ko na soson da ƙurar hunturu ta toshe.

Bayanin nan na babura masu silinda ɗaya ne, waɗanda suka cika titunanmu: Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue, Lifan, TVS da roba-roba, masu cc 100 zuwa 150. Mafi yawansu kafireto mai fistin ne a jikinsu, wato wanda wayar totur ke shiga ta samansa ta ɗaga fistin kai tsaye. A kan injin samfurin Honda CG za ka fi ganin PZ26 ko PZ27, a kan roba-roba mai cc 110 kuwa PZ19 ko PZ20. Lambar kusan faɗin maƙogwaron kafireton ce a milimita, kuma ita za ka faɗa wa mai shago a Ƙofar Ruwa ko Fanteka idan ka je sayen kayan cikinsa.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe game da aikinsa, don shi zai nuna maka inda za ka fi dubawa. Mai yana fita ta hanyoyi uku. Daga silo, wato injin na aiki ba a murɗa totur ba, zuwa kwatan totur, ƙaramin jet ne ke aiki tare da sukurun iska (jet ɗan tagulla ne mai siririn rami da mai ke bi). Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke jikin fistin ce. Daga nan zuwa ƙurewar totur, babban jet ne. Saboda haka babur ɗin da ya ƙi silo amma yake gudu lafiya a kan titi, ƙaramin jet ɗinsa ne ya toshe. Wanda yake silo lafiya amma ya shaƙe idan an murɗa totur har ƙarshe, a nemi babban jet ko ƙarancin mai a kwanon da ke ƙasan kafireto, inda mai ke taruwa.

Kayan aiki da wurin aiki

Kana buƙatar sifana lamba 10 da lamba 8, sukudireba mai baki huɗu da mai faffaɗan baki babba da ƙarama, filaya mai dogon baki, kwalba mai haske wadda za ka tari mai, faranti ko tire mai tsabta, tsumma wanda ba ya zubar da zare, tsohon buroshin haƙori, da gwangwanin feshin wanke kafireto. Idan babu feshin, fetur mai tsabta da famfon iska na taya za su yi, sai dai aikin zai fi jan lokaci.

Ka bar injin ya huce sarai. Fetur ɗin da ya ɗiga a kan salansa mai zafi ba ya jiran kowa. Ka yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, janareta da mai shan taba, amma ba a kan rairayi ba. Kilif ɗin allura bai kai ƙwayar gero biyu ba, idan ya faɗa yashi ya tafi ke nan. Shimfiɗa buhu ko kwali a ƙasa. Ka kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya don ya tsaya sak, sannan ka ɗauki hoton kafireton ta gefe biyu da wayarka tun kafin ka taɓa komai. Hoton nan shi zai raba gardama idan an zo mayar da tiyo.

Cirewa

Fara da goge wajen. Ka fesa ko ka goge jikin kafireto da wuyan da ya haɗa shi da injin, domin ƙasar da ta daskare a nan ita ce za ta faɗa ciki da zarar ka buɗe.

Mayar da famfon mai kan OFF. A ƙasan kwanon kafireto akwai sukuru guda mai faffaɗan baki, na zubar da mai. Sa kwalbarka a bakin siririn tiyon da ya sauko daga kwanon, ka kwance sukurun zagaye biyu, man da ke ciki zai fito. Kada ka zubar nan take, ɗaga kwalbar ka duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka idan akwai shi za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallayen gilashi. Jan gari kuwa tsatsar tanki ce. Abin da ka gani a kwalbar nan ya riga ya gaya maka rabin labarin.

Matse kilif ɗin tiyon mai da filaya ka ja shi baya, sannan ka murɗa tiyon hagu da dama kafin ka ja. Idan ka fizge shi kai tsaye, tsohon tiyo yakan tsage, wani lokaci ma bakin ƙarfen da ya shiga ya girgiɗe. Idan mai ya ci gaba da ɗiga alhali famfo na kan OFF, robar cikin famfon ta mutu, ka toshe tiyon da ƙusa mai tsabta ka sa gyaransa a lissafi.

Yanzu murfin sama, inda wayar totur ta shiga. Da hannu ake kwance shi, ba da filaya ba. Idan ya fita, ja shi sama a miƙe, sifirin da fistin da doguwar allura za su biyo shi. A nan mutane ke lanƙwasa allura, don suna ja a karkace saboda tanki ya tare musu hanya. Idan wurin ya matse, bari sai ka kwance kafireton daga injin ka karkato shi, sannan ka zare fistin. Kafin ya gama fita, ka lura da fuskar da yake kallo: ƙasansa yana da gefe guda da aka yanke a karkace, wannan yankan yana kallon iyakilina ne. Idan ba za ka taɓa allurar ba, bar fistin yana rataye a jikin wayarsa, ka naɗe shi da leda mai tsabta ka ɗaure a jikin firam.

Idan cok ɗinka na hannu ne a jikin kafireto, babu abin cirewa. Idan na waya ne, sassauta sukurun da ya riƙe rigar wayar ka zare kanta.

Cire murfin gefe, ka sassauta zoben ƙarfen da ya matse robar iyakilina a bakin kafireto. Ba sai ka fitar da sukurun gaba ɗaya ba. Daga nan ka koma gaba, wajen noti biyu masu lamba 10 da suka ɗaure kafireto da wuyan injin. Ka sassauta su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan. Tura kafireton baya cikin robar iyakilina har ya fita daga kan ƙusoshin, ka karkato gabansa waje, sannan ka zare shi daga robar. Idan robar ta bushe ta ƙi lanƙwasuwa, kada ka sa sukudireba ka ɓanɓare ta, sassauta ƙusoshin akwatin iyakilina ya ja baya kaɗan.

Tsakanin kafireto da wuyan injin akwai baƙin faifai mai kauri, wanda ke hana zafin injin isa ga mai, da zoben roba ko gaskit. Ka lura da yadda suke jere da fuskar da kowanne ke kallo. Sannan ka cusa tsumma mai tsabta a bakin wuyan injin. Wosha guda da ta faɗa ramin nan tana iya kai ka ga sauke kan silinda.

Buɗewa da wankewa

Kifa kafireton a kan tire. Sukuru biyu ko uku ne ke riƙe da kwano, kuma su ne suka fi cin mutuncin mai gyara. Ƙarfensu laushi gare shi, kuma bakinsu samfurin Japan ne, wanda sukudireba mai baki huɗu ta kasuwa ba ta zama a cikinsa daram. Zaɓi wadda ta cika ramin, ka danna da ƙarfi fiye da yadda kake murɗawa. Idan ya ƙi, ɗan bubbuga gindin sukudirebar sau biyu ko uku. Wanda kansa ya riga ya cinye, kama shi ta gefe da filaya, kuma kada ka mayar da shi, sayi sabo.

Idan kwano ya fita za ka ga fulot, robar nan mara nauyi da ke yawo a kan mai. Siririn ƙarfe ne ya ratsa gindinsa tsakanin ginshiƙai biyu. Tura shi ta gefe ɗaya da tsinke ka zare ta ɗayan. Idan ya ƙi, kada ka doke shi da guduma ba tare da ka tallafi ginshiƙin ba, domin ginshiƙin da ya karye ba shi da gyara, sai sabon kafireto. Ɗaga fulot, ƙaramar allurarsa za ta taho a rataye.

A tsakiya akwai babban jet, a kan wani bututun tagulla mai ƙananan ramuka a gefensa. Kusa da shi, sau da yawa a cikin rami, ƙaramin jet ne na silo. Kwance su da sukudireba wadda ta cika tsagar daidai, don tagulla ce, ba ta jure zamewa. Bututun ma ka fitar da shi da sifana, ka kula da ɗan guntun tagullan da ke samansa, wanda allura ke ratsawa, yakan faɗo ba a sani ba. Kowane jet da lambarsa a jiki. A samfurin Keihin lambar kusan faɗin ramin ce, wato jet mai lamba 38 raminsa bai kai rabin milimita ba. Ka ga dalilin da ƙwayar ƙura ɗaya ke hana babur silo.

Kafin ka cire sukurun iska, yi wannan: ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin, misali ɗaya da rabi. Taɓawa kawai, ba matsewa ba, don bakinsa tsini ne kuma yana lotsewa. Sannan ka kwance shi gaba ɗaya. Sifirin zai biyo shi, a wasu kuma har da ƙaramar wosha da zoben roba, waɗanda sukan maƙale a cikin ramin.

Ka ware duk abin da yake roba gefe guda, domin feshin wanke kafireto yana kumbura roba. Sauran ƙarafan ka jiƙa su a fetur mai tsabta ko ka fesa su, ka goge kwano da buroshi har jan garin da ya kwanta a kusurwa ya fita. Babur ɗin da ya yi watanni a ajiye za ka tarar man ya bushe ya zama kamar ƙaro, kore ko ruwan ƙasa, wannan sai an jiƙa shi na kamar rabin awa.

Ga inda aka fi ɓata kafireto. Al'adar gareji ce a tsinko silin wayar kulochi ko a ɗauko allurar ɗinki a zura a jet. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, duk zurawa ɗaya tana ƙara faɗin ramin. Babur zai tashi, mai shi ya tafi yana murna, bayan mako biyu ya dawo yana kukan shan mai, kuma babu saitin da zai gyara, tun da ramin ya riga ya buɗe. Ka fesa, ka hura iska, ka ɗaga jet ɗin ka kalli haske ta cikinsa, ya kamata ka ga rami zagayayye tas. Idan dole sai an zura wani abu, a yi da silin buroshin roba ko silin wayar lantarki na jan ƙarfe mai laushi. Wanda ya ƙi buɗewa, canza shi da mai lamba iri ɗaya. Kada ka manta ƙananan ramukan gefen bututun tagulla da na gefen jet ɗin silo, ta nan iska ke gauraya da mai.

Jikin kafireton ma yana da hanyoyi a ɓoye. Sa bakin feshin a ramin jet ɗin silo, ya kamata ka ga ruwan ya fito ta ɗan ramin da ke cikin maƙogwaro ta ɓangaren injin, da ramin sukurun iska, da ƙaramin ramin da ke bakin kafireto ta ɓangaren iyakilina. Toshe biyu da yatsa ka tilasta shi fita ta na ukun, ka yi haka ga kowanne. Kawar da fuskarka, feshin yakan dawo ido. Kuma kada ka taɓa hura iska mai ƙarfi a kafireton da ke rufe da fulot a ciki, tana murƙushe shi.

Fulot da allurarsa

Zubar mai, abin da makanikai ke kira obafulo, daga nan yake. Kalli bakin ƙaramar allurar, wanda yawanci baƙar roba ce mai tsini. Idan ka ga zobe ya fito a kewayen tsinin, ta cinye, canza ta. A gindinta akwai ɗan tsinke mai sifirin, danna shi da farce, ya shiga ya dawo da kansa. Mazaunin allurar kuma ka goge shi da auduga a kan tsinken ashana. Girgiza fulot kusa da kunnenka, idan ka ji motsin ruwa ya huje. Akwai kuma dalili na uku da ake yawan tsallakewa: siririn bututun tagulla da ke tsaye a cikin kwano yakan tsage, sai mai ya riƙa bi ta tsagar ko da allura lafiyarta ƙalau. Cika kwanon da fetur a hannunka ka ga ko zai ɗiga ta ƙasa.

Tsayin fulot shi ke yanke yawan man da zai zauna a kwano. Bayan ka mayar da shi, karkata kafireton har harshen fulot ya taɓa tsinken allura ba tare da ya danna shi ba. A yawancin waɗannan kafiretocin, a wannan matsayi layin tsakiyar fulot yana tafiya daidai da leɓen da kwano ke zama. Idan harshen na ƙarfe ne ana lanƙwasa shi kaɗan kaɗan a gyara. Idan fulot ɗin roba ne gaba ɗaya har harshen, ba a saita shi, kuma ɗumama shi da wuta don a lanƙwasa ɓata shi ne. Gwaji mai sauƙi kafin ka rufe: hura iska da baki ta tiyo mai tsabta a bakin shigar mai. Kafireto a tsaye iska ta wuce, a kife ta tsaya cak. Idan ta wuce a kife, zai yi obafulo a kan babur, gara ka sani tun yanzu.

Haɗawa da mayarwa

Mayar da guntun tagullan nan yadda ya fito, sai bututu, sai babban jet, sai na silo. Ɗaurin yatsa uku ya isa, da ka ji ya zauna ka ƙara ɗan kaɗan ka tsaya. Sukurun iska ya shiga da sifirinsa, ka kai shi ƙasa a hankali, ka dawo da shi adadin da ka rubuta. Idan ba ka ƙirga ba, ko kana zargin wani ya riga ya dagula shi, fara da zagaye ɗaya da rabi. Robar bakin kwano idan ta baje ko ta tsage, sa sabuwa. Kada ka shafa gam ko silikon, fetur yana narkar da shi, guntayensa kuma jet za su nufa.

Idan ka raba fistin da wayar totur, ga yadda ake yi: tattare sifirin sama zuwa murfi da yatsu, ka tura kan wayar ƙasa ka zare shi ta doguwar tsagar gefe. Allurar da yawa tana da tsaga biyar a samanta, kilif ɗin yakan zo a ta uku. Saukar da kilif ƙasa yana ɗaga allura, mai ya ƙaru. Hawar da shi sama yana sauke allura, mai ya ragu. 'Yan acaɓa da yawa suna sa a kai kilif tsagar sama don a rage shan mai, wasu har a danne fulot. Man yana raguwa kam, amma injin yana ƙara zafi, babur ya rasa ƙarfi a tsakiyar totur, bawul kuma ya ƙone kafin lokacinsa. Bar shi inda kamfani ya sa shi. Kada ka manta ƙarfen da ke danne allurar a cikin fistin, in babu shi allura za ta riƙa tsalle.

Cire tsumman da ka cusa a wuyan injin. A faɗe shi ne don ana mantawa. Duba wuyan kansa, idan mai rigar roba ne lanƙwasa shi kaɗan ka nemi tsaga. Jera baƙin faifan da zoben roba yadda suka fito, ɗan shafa wa zoben baƙin mai don ya zauna a raminsa. Fara shigar da bayan kafireto cikin robar iyakilina, sannan ka daidaita gabansa a kan ƙusoshi. Ɗaura noti biyun da hannu har su taɓa, sannan ka ɗaure su bi da bi da gajeriyar sifana. Nan ne ƙarfi ke ɓarna. Jikin kafireto ƙarfe ne mai laushi, idan ka matse gefe ɗaya har ƙarshe kafin ɗayan, ko ka danne su duka da iya ƙarfinka, leɓen yana lanƙwashewa kamar baka, tsakiya ta buɗe, iska ta riƙa satar hanya. Leɓen da ya riga ya lanƙwashe ana gyara shi ta hanyar goga shi a kan sanfefa mai laushi da aka shimfiɗa a kan gilashi, har fuskar ta yi haske bai ɗaya.

Bi bakin robar iyakilina da yatsa ka tabbatar ta hau ko'ina, musamman ta ƙasa da ta bayan da ido ba ya gani, inda takan naɗe. Sannan ka ɗaure zoben. Robar da ba ta zauna ba tana shigar da ƙura kai tsaye cikin silinda, kuma a watannin hunturu wannan kaɗai ya isa ya cinye ringi.

Saura fistin. Yana da tsaga biyu: doguwa daga sama har ƙasa, wadda ke bin wani ɗan ƙarfe a cikin ramin, da gajeriya mai gangare a ƙasa, wadda ke sauka a kan sukurun silo. Yankan ƙasa ya kalli iyakilina. Saka allurar ta shiga raminta, ka bar fistin ya sauka da kansa ba tare da dannawa ba. Idan ya tsaya a rabi, a juye yake, fitar da shi ka gyara. Murfin yana da siririn zare mai saurin hawa a karkace, don haka ka fara juya shi baya har ka ji ya faɗa, sannan ka ɗaure da hannu. Yanzu, injin a kashe, murɗa totur har ƙarshe ka saki. Dole ka ji ƙaramar ƙara, ƙwas, ta saukar fistin. Maimaita da kan babur a juye hagu, sannan dama. Idan ba ka ji ƙarar ba kada ka tayar, domin fistin da ya maƙale a sama yana sa injin ya tashi da ihu kamar zai fashe. Wasan totur a hannu ya zama milimita 2 zuwa 6, ana gyara shi da notin da ke kan wayar.

Mayar da wayar cok, tiyon mai da kilif ɗinsa, da siraran tiyon numfashi da na zubar da mai, su sauka ƙasa ba lanƙwasa, ba kusa da salansa ba. Tiyon numfashi da ya toshe yana sa babur ya yi kamar mai ya ƙare masa. Ɗaure sukurun ƙasan kwano, buɗe famfo, ka jira minti ɗaya kana kallo. Idan mai ya zubo ta tiyon ƙasa, ɗan ƙwanƙwasa kwanon da gindin sukudireba, sau da yawa allura ce ba ta zauna ba. Idan bai tsaya ba, rufe famfo ka sake buɗe kwano.

Saiti

Ba a saita kafireto a kan injin mai sanyi. Tayar da shi, ka yi tafiyar minti goma, ka tabbatar ka mayar da cok, ba a jan yake ba. Sukuru biyu ne. Babban mai sifirin a waje, wanda ke tsakiya daidai da fistin, na silo ne. Ƙaramin shi ne na gauraya, wato wanda aka kira sukurun iska a baya, kuma inda yake zaune ne ke faɗa maka halinsa: idan yana ɓangaren iyakilina iska yake sarrafawa, ɗaure shi na ƙara mai. Idan yana ɓangaren injin, sau da yawa ta ƙasa, mai yake sarrafawa, ɗaure shi na rage mai.

Ɗaga silo kaɗan sama da yadda aka saba. Juya ƙaramin sukurun kwatan zagaye, ka jira daƙiƙa goma kana saurare. Idan ƙarar injin ta ƙaru ci gaba ta wannan hanyar, idan ta ragu koma ɗaya hanyar. Abin da kake nema shi ne wurin da injin ya fi sauri kuma ya fi daidaita. Daga nan ka sauke silo da babban sukurun zuwa kusan juyi 1,400 a minti, wato inda yake bugawa a natse ba ya rawa, ba ya kuma barazanar mutuwa idan ka kunna fitila. Murɗa totur da sauri ka saki. Ya amsa ba tare da shaƙewa ba, ya dawo silo nan take.

Idan ƙarar ta rataye a sama kafin ta sauko, ko salansa na tas-tas idan ka saki totur a gangara, mai ya yi kaɗan, kuma bayan an taɓa kafireto abin da ya fi jawo haka satar iska ce. Fesa ɗan feshin wanke kafireto a mahaɗar kafireto da wuyan injin yana silo, ka kiyaye salansa. Idan ƙarar ta canza, ga ɓarakar nan. Idan kuwa sukurun gauraya ya wuce zagaye uku a waje, ko ya kusa rufewa, kafin injin ya daidaita, ba saiti ba ne matsalar, hanyar silo ba ta wanku ba ko jet ɗin ba lambarsa ba ne. Baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai na nufin mai ya yi yawa: duba cok, soso, tsayin fulot, da jet ɗin da aka taɓa zura wa waya. Bayan tafiyar kilomita goma zuwa ashirin cire filogi. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara shi ake so, baƙi mai gari mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. Babur ɗin da aka saita a Kano aka kai shi Jos, inda tudu ya kai kusan mita 1,200 kuma iska ta fi sirantaka, zai ɗan nuna alamar yawan mai, gyaran sukurun gauraya yakan wadatar.

Masu babur mai shan baƙin mai a haɗe da fetur, irin Jincheng AX100, su tuna wayar totur ɗinsu ta rabu biyu, reshe ɗaya na zuwa famfon baƙin mai. Duk lokacin da aka taɓa wasan wayar kafireto, a duba alamomin da ke jikin famfon sun daidaita.

Idan babur ya kwana yana obafulo kafin gyaran nan, zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina. Fetur yakan gangara ta bawul ya shiga cikin injin, man ya tsinke, ya kuma haura alama. In ka ji warin fetur, juye shi ka zuba sabo kafin ka hau titi.

Dattin da ka wanke kuwa daga wani wuri ya zo. Idan ka ga jan gari ko ruwa a kwalbar farko, kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfon mai ka wanke ragarsa, ka juye tankin ka ɗauraye shi da fetur, sannan ka sa ƙaramar matatar mai a tsakiyar tiyo, kibiyarta na kallon kafireto. Mai sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu ya fi kowa buƙatarta, haka ma da damina, lokacin da ruwa ke bi ta murfin tankin da robarsa ta mutu. Soson iyakilina a wanke shi da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba a murɗe ba, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse rarar. Na takarda ba a wanke shi, kaɗewa ake yi ko a canza. Idan kuma za ka ajiye babur fiye da wata guda, rufe famfo ka kwance sukurun ƙasan kwano man ya fita.